Ina Rubutun da Muka Zuba a Intanet Yake Tafiya?

 Sharhinmu na yau na masu rubutu a intanet ne, da masu karanta abin da aka rubuta, musamman waɗanda ke wannan aiki da harshen Hausa.

A watan Mayun 2024, cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da wani rahoto da ya kamata ya tayar wa kowane marubuci hankali. Sun bi sawun shafukan intanet da ke raye a 2013, suka tarar bayan shekara goma kashi 38 cikin 100 sun ɓace. Ka danna adireshin, ba komai. Wani mai shi ne ya daina biyan kuɗin shekara, wani kamfanin da ke riƙe da shi ne ya rufe, wani kuwa goge shi aka yi. Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk abin da ya hau intanet ya zauna ke nan har abada. Gaskiyar magana, littafin da aka buga a Gaskiya Corporation ta Zariya shekara saba'in da suka wuce ya fi wani shafin da aka wallafa shekara goma baya sauƙin samu a yau.

Mu ma wannan asara ta taɓa mu. A 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren Finafinan Hausa a dandalin Yahoo Groups, inda malaman jami'a da marubuta da 'yan fim suka yi shekaru suna tafka muhawara kan fim da adabi da al'ada. Yahoo ya share abin da aka tara a zaurukansa, sannan ya rufe dandalin baki ɗaya a watan Disamban 2020. Abin da ya tsira shi ne abin da wani mai himma ya kwafa ya adana tun kafin ranar. Haka kuma OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, inda marubutan Hausa da dama, yawanci mata, suke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. A can waje kuwa, MySpace ya amsa a 2019 cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 zuwa 2015, waɗanda aka kiyasta sun kai miliyan 50, wajen sauya kwamfutocin ajiyarsa.

Bari in ba ku labarin wani shafi da matasa da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, amma yana da abin koyi a gare mu. A 2003 wani Ba'amurke, Joshua Schachter, ya buɗe shafin Delicious. Dabarar mai sauƙi ce. Idan ka karanta abu mai amfani a intanet, sai ka ajiye adireshinsa a can, ka liƙa masa kalmomi biyu ko uku da ke nuna abin da ya ƙunsa, misali noma, taki, masara. Ajiyar kuma a buɗe take, kowa na iya gani. Don haka idan wani ya zo neman bayani kan taki, zai ga duk abin da dubban mutane suka karanta suka ce ya cancanci ajiyewa. Mutane ne ke tace wa mutane. Idan ka gano wani mai zurfin karatu a fannin da kake so, sai ka riƙa bin ajiyarsa, kana cin gajiyar idonsa ba tare da kun taɓa haɗuwa ba. Ya zuwa 2008 masu amfani da shafin sun haura miliyan 5.

Yahoo ya saye shi a ƙarshen 2005, bai kula da shi yadda ya kamata ba. A 2011 ya sayar wa Chad Hurley da Steve Chen, biyu daga cikin waɗanda suka kafa YouTube. Daga nan ya yi ta sauya hannu, har 2017 da mai shafin Pinboard ya saye shi ya dakatar da sabuwar ajiya. StumbleUpon, wanda ke yin aiki makamancin wannan, ya rufe a 2018. Pocket, manhajar da miliyoyin mutane ke ajiye abin da za su karanta daga baya, kamfanin Mozilla ya rufe ta a watan Yulin 2025.

Abin da ya maye gurbinsu shi ne abin da muke ciki yanzu, wato manhaja ce ke zaɓa maka abin da za ka gani. Facebook da TikTok ba sa tambaya ko abu zai amfane ka bayan shekara biyar. Abin da suke aunawa shi ne ko zai riƙe ka a kan waya na minti biyar masu zuwa. Shi ya sa malami zai zauna ya yi rubutu mai zurfi kan gadon mata ko maganin zazzaɓin cizon sauro, kwana biyu rubutun ya nutse, wanda ya neme shi bayan wata guda sai ya gaji da jan allo. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ina ganin ilimin da ake zubawa da Hausa kullum a waɗannan shafuka, ilimi na gaske, kuma mafi yawansa ba zai kai ga 'ya'yanmu ba.

Duk mai rubutu a shafin sada zumunta kaɗai ɗan haya ne. Mai gida na iya ƙara kuɗi, ya sauya ƙa'ida, ko ya ce a tashi, kuma ba za a yi shawara da kai ba. Mun ga haka a Nijeriya daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wajen wata bakwai, lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter. Mun kuma sha ganin wanda ya tara mabiya dubu ɗari, aka wayi gari an rufe masa shafi ko an sace, ya koma farko.

Saboda haka shawarata ta farko ga mai rubutu ita ce ya buɗe shafin bulog nasa na kansa. Ba sai da kuɗi ba. Blogger, wanda ke hannun Google tun 2003, kyauta ne, WordPress ma yana da tsarin kyauta, kuma duka biyun ana iya sarrafa su daga waya. Ka fara sa rubutunka a can, sannan ka kai adireshinsa Facebook da WhatsApp da duk inda jama'arka suke. In Allah ya hore, ka sayi sunan shafi naka, ko mai ƙarewa da .ng wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ko wani daban. A nan akwai ramin da mutane ke yawan faɗawa. Idan wani yaro ne zai gina maka shafin, tabbatar an yi rajistar sunan da imel ɗinka, kuma kalmar sirri tana hannunka. An sha ganin ƙungiya ko makaranta ta rasa shafinta saboda wanda ya buɗe ya bar gari, ranar sabunta biya ta wuce, ba wanda ya sani.

Shi kansa bulog ɗin ma kada ka saki jiki da shi. Blogger da WordPress suna da wurin da za ka sauke duk rubutunka a dunƙule. Facebook ma yana da irin wannan a cikin saitinsa. Ka riƙa saukewa lokaci zuwa lokaci, ka ajiye kwafi a kwamfuta ko memori, wani kuma a imel. Akwai kuma Internet Archive, wata cibiyar adana tarihi da Brewster Kahle ya kafa a 1996. Shafinta na Wayback Machine yana ba kowa damar liƙa adireshin shafi a ɗauki kwafinsa a adana, kyauta. Bai fi minti guda ba. 'Yan jarida musamman, ku riƙa yin haka da duk sanarwar hukuma ko maganar ɗan siyasa da kuka dogara da ita, domin gobe ana iya gogewa a ce ba a faɗa ba.

'Yan uwa mata marubuta littattafai, wannan magana taku ce fiye da kowa. Na san yadda ake yi, ana sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, masu karatu su biya ta banki ko katin waya, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Ba cewa nake a daina ba. Amma abin da ke cikin WhatsApp a rufe yake, Google ba ya ganinsa, mai bincike ba zai same shi ba. Waya ta faɗa ruwa, littafi ya tafi. Mafi ciwo, sai wani ya kwashe labarin ya cire sunanki ya ɗora a shafinsa yana cin kuɗin talla. Idan kina da shafinki, inda sunan kowane littafi yake, da ranar da kika fara shi, da babi ɗaya ko biyu na ɗanɗano, kin samu shaidar mallaka, kuma sabon mai karatu zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Game da yadda ake rubutun kuwa, ba sai na tsawaita ba. Kanun rubutu ya faɗi abin da ke ciki da kalmomin da mutum zai rubuta idan yana nema. Wanda ya sa kanu "Abin mamaki ya faru" zai samu masu dannawa yau, amma ba mai samunsa baɗi. Ka sa kwanan wata. Ka faɗi inda ka samo bayani, ka sa adireshinsa. Ka rage nauyin hotuna, domin mai karatunka da kuɗin datarsa yake buɗewa, wani ma a ƙauye inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Rubutu ɗaya mai kyau a mako ya fi goma na kwafe. Sannan a yi amfani da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tunda allon rubutu na Gboard yana da Hausa, a daina barin mai karatu yana lalube.

Yanzu ga abin da ke tafe, wanda ma ya riga ya iso. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, da kuma lokacin da Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a 2024, mutane da yawa suna samun amsa ba tare da sun shiga shafin kowa ba. Masu shafukan da ke rayuwa da talla sun fara ji a jikinsu. Wannan ne ya sa marubuta a ƙasashe da dama suka koma tara masu karatunsu kai tsaye, ta wasiƙar imel irin ta Substack ko tashar WhatsApp da Telegram, domin kada wata manhaja ta shiga tsakaninsu da jama'arsu. Mu ma ya dace mu yi haka.

Akwai kuma wani gefe da ya shafe mu musamman. Waɗannan na'urori na ƙirƙirarriyar basira daga rubutun da ke buɗe a intanet suke koyo, kuma Hausar da ke buɗe ba ta da yawa idan aka kwatanta da yawan masu magana da ita. Wasu kuma sun fara cika shafuka da fassarar na'ura, Hausar da ba Bahaushen da zai furta ta, ba tare da sun ko duba ba. Ina roƙon masu yin haka su ji tsoron Allah su daina, domin gurɓataccen rubutu idan ya yi yawa, shi yara za su ɗauka daidai ne. Masu bidiyo kuma, malaman addini da likitoci da malaman gona da ke bayani a TikTok da YouTube, ku riƙa rubuta taƙaitaccen abin da kuka faɗa a ƙarƙashin bidiyon ko a shafinku. Magana a bidiyo tana da wuyar nema, rubutu kuwa kalma ɗaya ke fito da shi.

Ita kuma waccan al'ada ta ajiyar adireshi a bainar jama'a irin ta Delicious, ba abin da ya hana mu farfaɗo da ita da hannunmu. Malamin Hausa a kwalejin ilimi zai iya buɗe shafi guda a bulog ɗinsa, ya jera adireshin duk maƙala mai kyau da ya gani kan waƙar baka ko nahawu, da layi ɗaya na bayani a kan kowace. Ɗalibai masu bincike za su iya haɗa kai a Zotero, manhajar kyauta da aka fara a Jami'ar George Mason, su tara madogararsu wuri guda kowa ya amfana. Ƙungiyar manoman shinkafa ko ta ungozoma za ta iya yin irin nata. Sharaɗin kawai shi ne a yarda da kalmomin da za a riƙa liƙawa, kada wannan ya rubuta lafiya, wancan ya rubuta kiwon lafiya, na uku ya rubuta asibiti, abu ɗaya ya warwatse gida uku. Kuma duk adireshin da aka sa a jerin, a fara kai shi Wayback Machine, a ajiye adireshin kwafin kusa da na asali.