Lissafin 'Yan Karta da Kuɗin Takin Baɗi

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, kuɗin masara ya shigo hannu. Mun ji wasu samarinmu suna cewa cacar kartar nan ta Amurka, wato poka, ba sa'a ba ce, lissafi ne. To, mu yi lissafin tare.

Karta 52 ce, iri huɗu, kowane iri 13. A ce ka ga shida, huɗu daga ciki iri ɗaya, kana jiran ta biyar a buɗi na ƙarshe. Cikin 46 da suka rage, 9 kaɗai za su fisshe ka, wajen sau 1 cikin 5 ke nan. In akwai naira 400 a tsakiya, kai za ka zuba 100, ka faɗi sau huɗu, 400 ta tafi. Ka ci sau ɗaya, 400 ta dawo. Ba riba. In 200 za ka zuba, hasara ce zalla.

Lissafin daidai ne, ba mu musa ba. Amma 400 ɗin ta wa? Ta ɗan'uwan da kuke zama benci ɗaya ran Lahadi, mai gidan caca kuwa ya riga ya cire la'adarsa. Muna roƙon kowace ƙungiya ta karɓi kuɗin takin baɗi tun ranar awo, kada ya kwana a aljihu.