A bar yara su shiga madafa tun kafin azumi ya kama

Da zarar Sha'aban ya yi nisa, ƙauyukanmu na bakin Nilu, daga Mai Wurno zuwa Sinja har nan Abu Na'ama, sukan ɗauki wani ƙamshi da kowa ya sani. Mata sun shanya tsiron dawa a tabarma, an kai niƙa, an kwaɓa da citta da kirfa da hulba da tsamiya, an bar shi ya yi tsami, sannan a taru a gida ɗaya ana toya hilu-mur a kan doka. Aiki ne na kwana da kwanaki. Amma ku lura da inda yara suke a wannan lokaci. 'Yan mata suna ɗiban ruwa da wanke kwanuka, samari suna waje suna ƙwallo, ƙanana kuwa da sun matso sai a ce "tafi can, kada ka ƙone". Ni a ganina asara muke yi, kuma asarar ta wuce ta abinci.

Kakanninmu ba su zo ƙasar nan da dukiya mai yawa ba. Wasu hanyar Makka ce ta kawo su suka zauna, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma aikin auduga ne ya jawo su bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira. Abin da suka riƙe gam shi ne addini da harshe da girki. Yau duk ɗan Sudan ya san agashe, kuma ya san daga hannun Bahaushe ya fito. Godogodo ma haka. To amma yara nawa ne a gidajenmu za su iya faɗa maka yadda ake haɗa yajin ƙuli, ko yadda ake surfa gero kafin a yi fura?

Mu malamai muna ganin abin a aji. Yaro yana karatu da Larabci, yana wasa da Larabci, wayar da ke hannun yayansa ma Larabci take yi masa. Wannan ba laifi ba ne, harshen ƙasa ne kuma harshen Alƙur'ani. Sai dai Hausa tana buƙatar wurin zama, kuma madafa na cikin wurare kaɗan da suka rage mata. A nan ne yaro zai ji surfe da bakace da tankaɗe da talge da ruɗe. Kalmomi ne da ba a koyar da su a allo, sai hannu yana cikin aikin kaka tana gyara maka. Ran da aka daina yin aikin a gaban yara, ran nan kalmar ta fara mutuwa.

Akwai kuma abin da yaƙi ya koya mana. Tun daga 15 ga Afrilu 2023 makarantu suka rufe na tsawon lokaci, har hukumar UNICEF ta ce a ƙarshen wannan shekara yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Madani ta faɗi a Disamba 2023, Sinja a ƙarshen Yuni 2024, mutane suka bazama Gadarif da Damazin da sauran wurare. Iyalai sun rabu a hanya. An ga yaro ɗan shekara goma sha uku ya zama shi ne babba a kan ƙannensa, ga garin dawa an ba su sadaka, amma bai san yadda ake tuƙa asida ba. Takaya, wato tukwanen taimakon da matasa suka kafa a unguwanni, sun ceci rayuka da yawa, kuma waɗanda suka tsaya a kansu mutane ne da suka iya hura wuta da auna ruwa. Wanda ya ga wannan ba zai sake cewa girki wasan mata ba ne.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko, abinci ya yi tsada, ba za a ba yaro gari da mai ya yi gwaji ya ɓata ba. Gaskiya ne. Amma ai ba wanda ya ce a sakar masa tukunyar buɗa-baki. Ɗan shekara biyar yana iya tsince wake da cire ƙwallon dabino. Ɗan shekara takwas yana iya jiƙa tsamiya da kuka da zoɓo, ya tace, ya ɗanɗana kafin shekarun azuminsa su kai. Daga shekara goma sha biyu sai a fara ba shi muciya da ƙaramar tukunya, babba na tsaye a kansa. Ba inda aka yi ɓarna a nan, hasali ma uwa ce ta samu sauƙi.

Na biyu, tsoron wuta da mai. Shi ma haka ne, don suyar ƙosai da zalabiya ba ta yara ƙanana ba ce, kuma murhun gawayi a ƙasa haɗari ne ga mai rarrafe. Sai dai yaron da aka koya wa dokokin wuta ya fi wanda aka kora tsira. A koya masa cewa in an ƙone, ruwa mai sanyi mai tsabta ake zubawa na kusan minti ashirin, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. A koya masa wanke hannu da sabulu da rufe randa. Tun da aka sanar da ɓarkewar kwalara a Agusta 2024 muka san cewa ruwan da ake jiƙa hilu-mur da shi yana iya kwantar da gida guda.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna: wasu za su ji wannan kira su ƙara ɗora wa 'yan mata kaya. Yarinya ta tashi sahur, ta je makaranta da azumi, ta dawo ta tsaya a kan wuta har magariba, ɗan'uwanta yana kwance yana jiran a kai tire waje. Sai ta zo aji tana gyangyaɗi mu ce ba ta da ƙoƙari. Wannan ba adalci ba ne. A raba aikin. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. Kuma masu agashen da muke alfahari da su maza ne, su suke yanka, su suke haɗa yaji, su suke gashi. Me zai hana yaro namiji ya fara koyo a gidansu?

'Yan'uwana malamai, mu ma da namu aikin. Yaran da suka yi asarar shekara ɗaya ko biyu ta karatu suna shan wahala da lissafi, ga kuma lissafin a cikin gida kyauta. Zakkar fidda-kai sa'i ɗaya ce ga kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu. Gida mai mutum tara mudu nawa zai fitar? A bar yaro ya auna dawar da hannunsa ya ƙirga har 36, ya raka mahaifinsa a kai wa mabukaci. Hilu-mur kansa darasin kimiyya ne: in dawa ta tsiro, sitacin cikinta yana juyewa ya zama sukari, shi ya sa ake jin zaƙi, tsamin kuwa aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Ka faɗi wannan a aji, ka ce kowa ya je ya kalli kwaɓin gidansu ya dawo da bayani, za ka ga yaran da ba sa magana sun ɗaga hannu.

Kuma abin bai tsaya ga azumi ba. Daren ƙaramar Sallah akwai habiz da cincin, yara su yanka su jera a faranti. Babbar Sallah akwai yanka nama da shanya shi da rabon kason maƙwabta. Ranar Ashura akwai cika-ciki. Da kaka, in an cire gyaɗa an girbe riɗi, lokacin ƙuli-ƙuli ne da kantu. Shekara guda ke nan cike da darussa, ba kuɗin makaranta ba littafi.

Don haka iyaye mata, bana in za a yi toyin hilu-mur, a ware wa yara tabarmarsu kusa da ku, a ba kowa aikin da ya dace da shekarunsa, a yi musu bayani da Hausa. Iyaye maza kuma, in an shimfiɗa tabarmar buɗa-baki a bakin hanya, ku faɗa wa baƙi cewa wannan zoɓon ɗanku ne ya haɗa shi, ku ga yadda zai tashi gobe da wuri yana neman aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya kai mu watan lafiya, Ya dawo wa Sudan da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.