Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Maharban Bagudo: Kafin A Rabu Da Tsohuwar Bindiga



Ranka ya daɗe Sarkin Baka, tare da iyayena da yayyena maharba na Bagudo da Illo da Kaoje da Lolo da Tsamiya, ina gaisuwa da fatan ana shiga daji lafiya ana fitowa lafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yar siririyar bindigar nan mai cin harsashin .22, wadda wasunku suka gada, wasu kuma suka saya tun zamanin da neman lasisi bai zama jidali ba. Yau ta tsufa, samari kuma sai zuga suke a sayar a nemo mai ƙarfi, wai ai Benin ga ta nan a bakin ƙofa. Shawarata a taƙaice ita ce: mai takarda ya gyara tasa ya riƙe, marar takarda ya miƙa wa hukuma, kada kuma kowa ya tsallaka iyaka neman madadinta.

Mu fara da harsashin, domin shi ne ke mulkin bindigar. A Amurka aka fito da shi a 1887, kuma ƙwayar dalmarsa ba ta kai giram uku ba. Maganin da ke kunna albarushinsa a kewayen gindin kwanson yake, ba a tsakiya ba, shi ya sa za ka ga allura ta lotsa gefen kwanson da ya tashi. Wanda ya lotse kuwa ya gama aiki, ba a sake cika shi. Mai bindigar toka da hannunsa yake ɗura kayansa, amma mai .22 ko ya ƙi ko ya so sai ya nemi dillali. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan ba ka da halattacciyar hanyar samun harsashi, to komai kyan bindigar, wata rana za ta kai ka hannun 'yan fasa-ƙwauri.

Ita kanta bindigar ba kasafai harbi ke cinye ta ba, saboda albarushin kaɗan ne, dalmar kuma tana da laushi. Tsatsar damina da ƙurar hunturu su ne ajalinta. Kafin ka yanke mata hukunci, ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka zare makullin baya, ka ɗaga bututun ga hasken safiya ka leƙa. In ka ga zanen nan da ke murɗawa ciki ya fito raɗau daga gindi har baki, da sauranta. In kuwa ramuka ka gani baƙi-baƙi, ko bututun ya kumbura a wani wuri, ta zama haɗari ga mai riƙe da ita. Daga nan ka duba bakin ramin da harsashi ke kwanciya. Yaran da ke danna kunama babu harsashi suna sa allura ta riƙa dukan ƙarfen wurin har ya yi tsini, sai kwanso ya riƙa maƙalewa. Wannan gyara ne na wanda ya san aiki, haka ma tsagewar ƙota. Amma kunamar da ke tashi da kanta in an bugi ƙotar, a ajiye bindigar nan take har sai an gyara. A ƙarshe ka kafa kwali a jikin tudu, ka ja baya taku hamsin, ka harba biyar. In tafin hannunka ya rufe ramukan duka, me kake nema a sabuwa?

Sau da yawa ba bindigar ce ta gaza ba, an ɗora mata aikin da ba nata ba ne. Zomo da kurege da gafiya da zabon daji da fakara, nan ne gonarta, kuma ba ta ɓata nama. Wanda ya auna ta ga gadu ko babbar dabba, rauni kawai zai yi mata ta je ta mutu a wahale, ga asara ga alhaki. Ƙanƙantarta kuma kada ta ruɗe ku: ƙwayar na iya wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma tana tsalle a kan ruwa. Mai harbin ɗinya a bakin kogin Kwara ya tuna akwai Sarkawa cikin kwalekwale da manoman shinkafa a wancan ƙetaren.

Sai batun takarda. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, na bindigar farauta irin wannan kuma a hannun Sufeto Janar. Lasisi na mutum ne da sunansa da lambar bindigarsa. Ana gadon ƙarfe, ba a gadon takarda, kuma takardar tsohuwa ba ta rufe sabuwa. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Saboda haka duk mai tunanin canji ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji inda aka kwana, kada ya saki halattacciya ya kama wadda ba zai iya nunawa a shingen bincike ba.

Na san abin da ke ci muku rai ya wuce zomo. Tun da 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, hankalin mutanen iyaka bai kwanta ba, kowa na son abin kare gida. Amma tsaron gari yana da hanyarsa, ta hannun hakimi da 'yan sanda da 'yan banga da hukuma ta san da su. Bindigar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya daga Segbana ko Malanville ba ka san jinin da ke kanta ba. Dajin W da ke arewacin Benin, wanda ƙungiyar African Parks ke kula da shi tun 2020, ya zama fagen fama, a can aka kashe sojojin ƙasar 54 a Afrilun 2025. Sojan da ya gamu da baƙo riƙe da bindiga a wancan yanki ba lallai ya tsaya tambayar ko maharbi ne ba. A gida ma ba mu manta da matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris ɗin 2025 ba, maharba ne masu komawa Kano, laifinsu an ga bindigogin toka a motarsu. Zalunci ne aka yi musu tsagwaronsa, ya kuma nuna irin idon da ake kallon mai bindiga da shi a yau.

Wanda tasa ta mutu murus, ko ya gaje ta babu takarda, kada ya kai ta kasuwa, kada ya ba yaro, kada ya binne. Ya nemi Sarkin Baka da mai gari su raka shi ya miƙa ta ga 'yan sanda, ya karɓi shaidar miƙawa a rubuce ya adana. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka buɗe littafi na sunan kowane maharbi da irin bindigarsa da lambar lasisinsa, domin ranar da aka tare ɗanka a hanya, wannan littafin ne zai yi masa magana.

Allah ya tsare ku daga sharrin daji da na mutum, ya dawo mana da zaman lafiya.

Wassalam,
Ɗanku mai ƙaunar sana'arku.