Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Kwanan baya na halarci wani taron matasa, inda mai jawabi ya ɗauko labarin Makaho Tom don ƙarfafa mana gwiwa. Ya ce ga bawa, ga makaho, amma ya kaɗa piyano har a fadar shugaban Amurka, saboda haka kowa ya dage zai kai. Aka tafa masa. Ni dai hannuna ya ƙi ɗaguwa, don na san ragowar labarin da ya haɗiye.

An haifi Thomas Wiggins a jihar Jojiya ta Amurka a shekarar 1849, makaho tun daga ciki. A 1850 aka sayar da shi tare da iyayensa, Charity da Mingo, ga wani lauya mai jarida a garin Columbus, James Neil Bethune. Yaron yana jin 'ya'yan ubangidansa suna koyon piyano, sai aka wayi gari yana maimaita abin da suka kaɗa. Bai cika shekara goma ba aka ba da hayarsa ga wani mai shirya wasanni, Perry Oliver, ya riƙa yawo da shi gari-gari. A 1860 ya yi wasa a gaban Shugaba James Buchanan. A 1866 aka kai shi Turai, manyan makaɗa irin su Ignaz Moscheles da Charles Hallé suka saurare shi, suka shaidi gwanintarsa. Yana kaɗa Bach da Beethoven da Liszt, kuma in wani ya hau dandali ya kaɗa sabon kiɗa, Tom zai zauna ya mayar masa da shi.

Iyakar abin da mai jawabinmu ya faɗa ke nan. To, ina kuɗin suka tafi?

An haramta bauta a Amurka a 1865, amma tun kafin nan Bethune ya hango inda iska ta dosa, ya sa iyayen Tom suka amince da wata yarjejeniya da ta bar yaron a hannunsa. A 1870 kuma kotu ta yanke cewa Tom ba shi da hankalin riƙe kansa, ta naɗa ɗan Bethune, John, ya zama mariƙinsa. Da John ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa a 1884, matarsa Eliza ta haɗa kai da Charity aka shiga shari'a, a 1887 Eliza ta karɓe Tom. Uwar da aka yi amfani da sunanta wajen cin shari'ar ta koma Jojiya ba tare da ɗanta ba. Tom ya rasu a Hoboken a 1908, shekara 43 bayan an 'yanta bayi, bai taɓa mallakar ladan yatsunsa ba.

Na san abin da masu kare Bethune ke cewa, don na sha ji. Wai da ba don shi ba, da Tom ya ƙare a gonar auduga. Shi ya ba shi piyano, shi ya ɗauko masa malamai. Haka ne, ya yi. Mai saniyar tatsa ma yana saya mata dusa, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan sadaka. Mutumin nan fa har wasanni ya sa Tom ya yi don tara wa 'yan Kudu kuɗi a lokacin yaƙin basasa, wato bawa yana kiɗa don a ci gaba da bautar da uwarsa.

Suna kuma cewa ai Tom ba zai iya riƙe kuɗi ba. Wataƙila. Da yawa daga masu nazarin rayuwarsa a yau suna ganin yana da lalurar galahanga, kuma lalle yana buƙatar mai kula da shi. Amma riƙo amana ne. Wanda aka ba riƙon marar ƙarfi, dukiyar ta mai ita ce, shi mai gadi ne kawai. In har Tom bai iya ƙirga dala ba, wannan dalili ne na a ƙirga masa da gaskiya, a gina wa uwarsa gida. Su kuwa rauninsa suka mai da takardar mallaka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka tallata shi. Don a cika zaure, sai aka riƙa nuna shi kamar wata dabbar ban mamaki, aku mai maimaita abin da ya ji ba tare da fahimta ba. Alhali mutumin nan ya tsara kiɗan kansa. A cikin wanda ya yi kan Yaƙin Manassas na 1861, ana jin gangunan soja, da sarewa, da rugugin igwa, da isowar jirgin ƙasa. Aku ba ya wannan. Sun ci kuɗinsa, sannan suka hana shi ko da sunan mai fasaha, don in aka yarda yana da tunani, dole a tambayi dalilin riƙe shi.

Ban hana kowa jinjina wa Makaho Tom ba, ya cancanta. Abin da na ƙi shi ne a yanke labarin a daidai wurin tafi. Mu ma muna da makafi masu murya, da yara masu baiwa da ake ɗauka a bidiyo ana yaɗawa, da marayun da wani kawu ke cewa shi ya raine su. Duk ranar da aka sake nuna mini irin wannan yaro aka ce in yi mamaki, zan yi. Daga nan sai in nemi sanin wanda jakar kuɗin ke hannunsa, da kuma ko uwar yaron ta ci abincin dare.