Kuɗin gyara ba shi ne kuɗin mota ba

 Maganar yau ta tsofaffin motocin Amurka ce, irin waɗanda samari ke tura hotunansu ta salula, an yi musu fenti yana ƙyalli, an rubuta kuɗinsu a ƙasa har sai mutum ya riƙe baki. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da atamfa ko albasa da wannan zance. Akwai ruwanku, domin idan ɗa ko ƙane ya zo da shawarar a haɗa kuɗi a sayo irin wannan mota daga ƙetare a sayar a ci riba, jarin uba ko adashen uwa ake taɓawa. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kuɗin da aka kashe wajen sake wa tsohuwar mota fasali ba shi ne kimarta ba, kuma ku da ke zaune a kasuwa kun riga kun san dalili.

Bari mu fara sanin motocin. Amurkawa suna yi musu kirari da motoci masu ƙwanji, saboda an ɗauki babban inji mai silinda 8 an dasa cikin madaidaiciyar mota. Yawancin masana suna fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964. A shekarar ne kuma Ford Mustang ta fito, sai Dodge Charger a 1966, sai Chevrolet Camaro ta 1967. Gasar ta kai ƙololuwa a 1970, lokacin da aka fitar da Chevelle SS 454 mai injin da ake kira LS6, mai ƙarfin doki 450. Zamanin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora sun ƙara wa masu su kuɗi, dokar hana gurɓata iska ta 1970 ta sa an rage wa injuna ƙarfi, tsadar mai ta 1973 ta ƙarasa su. Abin da aka ƙera cikin shekaru goma ɗin nan shi ke nan, ba a ƙara wani. Yaran da suka yi sha'awarsu a lokacin ba su da ko sisi, su ne suka girma suka yi kuɗi suka dawo suna nemansu.

Ga misalin inda kuɗin ya kai. Akwai Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda duk abin da aka ƙera bai wuce 12 ba. A 2014 an sayar da guda a gwanjon kamfanin Mecum a birnin Siyatil kan dala miliyan 3 da rabi. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. A kuɗinmu wajen miliyar 2 ke nan na sefa. Mai sayen ya biya wannan kuɗi saboda ƙarancinta, da kuma injin da aka haife ta da shi yana nan cikinta, da takardun da suka tabbatar da haka. Da mai ita ya cire injin nan ya jefar ya sa sabo wanda ya fi shi ƙarfi, da ya kashe kuɗinsa ya rage wa kansa dukiya.

Hajiya, ke kin fi kowa fahimtar wannan. Kin sayi turmin atamfa ƴar Holan, kin kai wa tela, kin biya ɗinki da surfani. Ranar da buƙata ta taso kika ce za ki sayar, wa zai ba ki kuɗin turmi haɗe da kuɗin tela? Babu. Sau da yawa ko kuɗin turmin ba ya fitowa, domin an yanka shi daidai jikinki da son ranki, mai saye kuwa jikinta daban, sonta daban. Haka zinariya: ranar saye kin biya nauyi kin biya aikin maƙeri, ranar sayarwa sikeli kawai ake ɗorawa. Mota ma haka take. Wanda ya sake mata launi, ya sa manyan tayoyi, ya ɗaga bayanta, ya cika ta da lasifika, ya yi wa kansa ɗinki ne. Daɗin da ya ji shi ne ribarsa, bai kamata ya ɗora wa mai saye ba.

To, ta yaya ake gane kimar gaskiya? Tambaya ta farko: a matsayin me aka haifi motar? Yadda kuke duba bakin atamfa ku ga suna da lamba, haka kowace mota take da lambar shasi, kuma dokar Amurka ta sa a maƙala ta inda za a hango ta gilashin gaba. A yawancin motocin wancan lokaci an buga wani ɓangare na lambar a jikin inji ma. Idan ta shasi da ta inji sun yi daidai, an san injin asali ne, kuma wannan shi ne abu na farko da manyan masu saye suke dubawa. Dalilin tsananin binciken shi ne jabu ya yi yawa. GTO ta 1964 da 1965 ba mota ce mai zaman kanta ba, ƙari ne ake yi wa Pontiac LeMans, saboda haka mai wayo yana iya sayen LeMans mai araha ya manna mata tambari ya ce GTO ce. Sai a 1966 ta samu lambarta mai farawa da 242. Chevelle ta 1970 kuwa lambar shasinta ba ta nuna ko SS ce. Injin LS6 guda 4,475 aka sa a motoci a shekarar, amma dillalan Amurka suna zolaya cewa waɗanda ke yawo yau sun fi waɗanda aka ƙera. Abin da ke raba gardama shi ne takarda: takardar ƙira da masana'anta ke cusawa cikin mota, wadda ake tsinta a ƙarƙashin kujera ko bisa tankin mai, ko rahoton Marti ga motocin Ford daga 1967, ko rahoton PHS ga Pontiac. Motar da aka ce babba ce amma ba ta da shaida, a taya ta da kuɗin ƙarama.

Tambaya ta biyu: yaya lafiyar jikinta? Kamfanin inshora na Hagerty, wanda jadawalin farashinsa ya shahara a Amurka, ya kasa tsofaffin motoci daraja 4, daga ta ɗaya wadda ba a samun aibi ko kaɗan, zuwa ta huɗu mai tafiya amma da gyara a gaba. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, kuɗin ta ɗaya yana iya ninka na ta huɗu. Masu sayarwa kowa cewa yake tasa ta biyu ce, alhali yawanci ta uku ce. Babban ciwon waɗannan motoci tsatsa ce, musamman waɗanda suka zauna a jihohin arewa inda ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Sabon fenti yana rufe mastik da mummunar walda, kamar yadda ake jera manyan tumatir a bakin kwando. Masu dubawa suna bin jikin motar da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sun san ba ƙarfe ba ne a wurin, sannan su ɗaga ta su leƙa ƙasa. Hoton salula ba ya leƙa ƙasan mota.

Tambaya ta uku: me aka sake, wa ya yi aikin, kuma ana iya mayarwa? Gyara ba duka ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kwancewa da sifana, kamar tayoyi, bututun hayaƙi ko kabireta. Idan an ajiye tsofaffin kayan an haɗa wa mai saye, hasarar kaɗan ce. Akwai gyaran tsare rai, kamar sabon birki mai faifai a madadin tsohon mai ganga, wanda mai son hawa zai yi maraba da shi. Akwai kuma wanda aka yanka ƙarfe, aka sare rufi ko aka faɗaɗa mazaunin taya. Wannan turmi ne da almakashi ya riga ya shiga. A nemi rasit na kowane aiki da sunan garejin da ya yi shi. Rasit ɗin yana nuna ingancin aiki, amma ba a tara shi a ɗora bisa farashi.

Na san za a samu mai ja da ni, kuma yana da hujja. Zai ce a gwanjon Barrett-Jackson da ake yi kowane Janairu a Sikotsdel, jihar Arizona, ana sayar da tsofaffin motocin da aka sa musu injin zamani, na'urar sanyi da sabon shasi, kan kuɗin da ya fi na irinsu da ba a taɓa ba. Gaskiya ne. Yau akwai masu kuɗi da ke son tsohon jiki da sabon ciki, motar da za ta tashi da safe ba sai an tura ba. Amma a duba da kyau. Yawanci motar da aka fara aikin da ita gama-gari ce wadda da ma ba ta da wata daraja ta asali da za a ɓata, kuma garejin da ya yi aikin sananne ne, sunansa ma kuɗi ne. Ko a hakan, wanda ya ba da aikin sau da yawa ba ya mayar da abin da ya kashe; wanda ya saya daga hannunsa shi ke morewa. Ɗinkin shahararren tela yana da masu nema, amma wannan bai sa kowane ɗinkin bakin hanya ya zama jari ba.

Zai kuma kawo Mustang ta 1968 wadda Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. An sake mata abubuwa saboda fim, fentinta ya koɗe, tsatsa ta taɓa ta, amma a Janairun 2020 an sayar da ita a gwanjon Mecum na Kisimi, jihar Fulorida, kan dala miliyan 3.74 haɗe da la'ada. Wannan ma yana goyon bayana ne. Tarihinta aka saya, da shaidar cewa ita ce ba wata ba. Mutane da yawa sun yi wa Mustang ɗinsu koren fenti irin nata, babu wanda ya kusanci wannan kuɗi.

Tambaya ta huɗu ita ce wadda kuka fi ƙwarewa a kai: nawa aka sayar da irinta? Kuɗin da mai kaya ya ambata daban, kuɗin da aka ce an sallama daban. Gidajen gwanjo da shafin Bring a Trailer suna barin sakamakon ciniki a fili a intanet. A nemo motoci 3 zuwa 5 masu shekara ɗaya, inji ɗaya, lafiya ɗaya da gyara mai kama, waɗanda aka sayar cikin shekarar da ta wuce. A ajiye mafi tsada da mafi araha gefe, a duba tsakiya. A tuna cewa manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'ada wajen kashi 10 cikin 100. A tuna kuma kasuwar tana hawa tana sauka kamar ta gero: farashin waɗannan motoci ya yi tashin gwauron zabo a 2006 da 2007, rikicin tattalin arziki na 2008 ya zo ya kayar da shi, waɗanda suka saya da bashi suka sha wuya.

Saura tambayar da ta shafe mu kai tsaye: in ta iso nan, wa zai saya? Farashin Arizona na Arizona ne, inda masu nema suke da yawa, kayan gyara suna ko'ina, makanikai sun san injin. A ce an saye ta a can, sai kuɗin jirgin ruwa, kuɗin tashar Lome ko Kwatano, kuɗin hanya, kuɗin duwan. Ta iso Maraɗi, mota ce mai shan lita 20 ko fiye a kilomita 100. Zuwa Damagaram kawai sai ta sha wajen lita 50. Gindinta a ƙasa yake, ba ta son rairayi ko rami. In wani ƙarfe ya karye, sai a jira shi daga ƙetaren teku. Masu iya biyan kuɗinta a gari ana ƙirga su da yatsu, kuma yawancinsu Land Cruiser suke so. Kayan da mai sayensa mutum ɗaya ne, shi ke yanka farashi, ba mai kaya ba. Wanda ke da hali yana son ta don hawa ranar biki, Allah ya sa albarka, kuɗinsa ne. Amma kada a kira ta jari a karɓi kuɗin tsohuwa.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, idan an kawo muku hoton irin wannan mota ana neman ku sa hannu, kada ƙyalli ya ruɗe ku, kada kuma jin kunyar cewa ba ku san mota ba ya rufe muku baki. Ku ce a nuna lambar shasi da ta inji. Ku ce a kawo takardar asali da hoton ƙasan motar daga wani makanike wanda ba mai sayarwa ne ya biya shi ba. Ku tambayi ina tsofaffin kayan da aka cire, nawa aka sallama irinta, kuma wane ne zai saya a nan, da sunansa. In amsoshin sun fito, a zauna a yi lissafi. In an fara kame-kame ana cewa ai an kashe mata kaza da kaza, to cinikin biri a sama ne, ku ce albarka ku riƙe kuɗinku. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idon da ya iya raba ƴar Holan da kwaikwayo ba zai gaza a nan ba.

Allah ya tsare mana dukiya, ya ba mu ciniki mai albarka.