Daga Sakkwato Zuwa Jidda, Sa'a Nawa?

Idan lokacin aikin hajji ya gabato, akwai tambayar da ake yawan yi a Garu, can Illela bakin iyaka: "Daga Sakkwato zuwa Jidda tafiyar sa'a nawa ce?" Galibi ɗan makaranta ake tambaya, tun da shi ya san taswira da lissafi. Shi kuwa sai ya yi farat ya ce, "Sa'a biyar!" Bai yi ƙarya ba, amma wannan amsa ba ta isa a ba tsohuwar da ke ɗaure kayan tafiya ba.

Tsakanin filin jirgin sama na Sakkwato da na Jidda akwai kilomita wajen 3,700, in an miƙe sak. Jirgi yakan cinye su cikin sa'a biyar ko da 'yar ɗoriya, watau fiye da kilomita 700 ke nan kowace sa'a. Mutanen dā a ƙasa suka bi, da jakuna, ta Barno da Cadi da Sudan, su haye Bahar Maliya. Waɗansu sai bayan shekaru suke komowa. Amma ko jirgin ma ba kullum yake miƙewa ba. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka riƙa kewayewa, tafiya ta ƙara tsawo.

Ga kuma zancen agogo, wanda yara da yawa ke mantawa. Jidda gabas take, rana tana riga fitowa can, saboda haka agogonsu yana gaban na Sakkwato da sa'a biyu. In jirgi ya tashi ƙarfe goma na safe, zai sauka agogon alhajiya yana nuna ƙarfe uku, mutanen Jidda kuwa suna cewa biyar ta yi. Sai ta zauna tana jiran la'asar, alhali tuni an kira salla.

Bayan wannan, ai ba daga ƙofar gida jirgi ke ɗaukar mutum ba. Daga Illela zuwa Sakkwato ya fi kilomita 80, a mota, ta Gwadabawa da Kware. Ga zaman sansanin alhazai, ga awon kaya, ga duba fasfo. Jirgi kuwa ba motar kasuwa ba ne, balle a ɗaga masa hannu ya tsaya.

Saboda haka in kaka ta tambayi jikanta, kyawunta ya ce, "Kaka, sa'a biyar a sama ke nan kurum." Sa'an nan ya lissafa mata mota da jira, ya kuma tuna mata, da ta sauka ta nemi wani ya tura mata agogonta gaba da sa'a biyu.