Sankarar Hanji: Kada Mu Ci Gaba Da Kiran Ta Basir

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ko ta Wadata a nan Yamai, ya san babu maganin da ake talla da lasifika kamar na basir. Da zarar mutum ya ga jini a bayan gidansa, sai a ce masa ɗan kanoma ne, a ba shi jiƙo ya sha. Sau da yawa basir ɗin ne da gaske. To amma wani lokaci sankarar babban hanji ce, kuma kafin a kai maras lafiya likita, ciwon ya riga ya kai ga hanta.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mutane kusan miliyan 1.9 ne suka kamu da wannan cuta, sama da 900,000 suka rasu. Ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji, ta biyu wajen kisa. Alhali kuwa tana cikin waɗanda ake warkewa idan an gano su da wuri, domin takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan yi shekaru kafin ya rikiɗe.

Me ke sa tsiron ya rikiɗe? A nan ne masana suka ci karo da wasu ƙananan abubuwa da ake kira maikro-RNA. Kowace ƙwayar jikinmu tana ɗauke da umarnin da muka gada daga iyaye, kuma tana aika saƙonni don a ƙera furotin iri-iri. Aikin maikro-RNA shi ne tare wasu daga cikin saƙonnin, kamar jami'in da ke tsaida mota a shingen bincike. Victor Ambros da Gary Ruvkun, ƴan Amurka, su ne suka fara bayyana wannan a shekarar 1993 a jikin wata ƴar tsutsa, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2024. Yau an san ɗan Adam yana da irinsu sama da 1,000.

A shekarar 2003 masu bincike a Ostareliya suka gano cewa biyu daga cikinsu, masu lamba 143 da 145, suna raguwa ƙwarai a sankarar hanji. Daga baya aka ga mai lamba 21 yana ƙaruwa, kuma yawansa yakan tafi tare da tsananin ciwon. Wato idan shingen ya lalace, saƙon da ya kamata a tare sai ya wuce, wanda ya kamata ya wuce sai a tare shi.

Batun bai tsaya nan ba, ya shafi garkuwar jiki. Sojojin jininmu suna iya gane ƙwayar da ta lalace su kashe ta. Sai dai sankara tana da wayo: takan lulluɓe kanta da wani furotin mai suna PD-L1, wanda ke sa sojojin su sauke makamansu. Bincike ya nuna wasu maikro-RNA, kamar masu lamba 34 da 200, suna rage wannan furotin, kuma idan suka yi ƙaranci, sai ciwon ya samu mafaka.

Kada mai karatu ya ɗauka an samu magani ke nan. An gwada wani mai suna MRX34 a jikin marasa lafiya, aka dakatar da gwajin a 2016 bayan garkuwar jikin wasu ta harzuƙa har aka yi rashin rayuka. Gwajin jini ko na bayan gida da ke neman maikro-RNA shi ma yana hannun masu bincike. Duk wanda ya zo yana sayar mana da maganin sankara da sunan sabuwar kimiyya, mu yi hattara da shi.

Abin da ya tabbata shi ne magungunan da ke yaye wa sankara wancan lulluɓi. Tun 2017 Amurka ta amince da ɗaya daga cikinsu, pembrolizumab, don wani rukunin sankara da ake kira MSI, wanda a ƙasashen Turawa bai wuce kashi 15 cikin 100 na masu sankarar hanji ba. Ga inda maganar ta shafe mu: a 2021 likitocin Ile-Ife a Najeriya tare da abokan aikinsu na birnin Niyok suka gano cewa wannan rukuni ya kusa ninka haka a tsakanin marasa lafiyar Najeriya, waɗanda kuma da yawansu ba su manyanta ba. Maƙwabtanmu ne, abinci da jini sun haɗa mu. Idan haka abin yake a Maradi da Damagaram, to akwai ƴan uwanmu da wannan magani zai iya ceta, da sharaɗin a gwada tsokar ciwonsu a san rukuninta.

Ba daga sifili za mu fara ba. Tun 1992 ƙasarmu take da rajistar masu cutar daji a sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdou Moumouni. Muna da cibiyar bincike ta CERMES, da Babbar Likitar Ƙasa ta Yamai, da ta Lamorde, da cibiyar yaƙi da cutar daji wadda ta samu na'urar gasa ciwo da haske a 2021, tare da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Ƙasar da ke haƙo uraniyom a Arlit tun 1971 ta jira shekara hamsin kafin ta samu wannan na'ura. Bai kamata mu sake irin wannan jira ba.

Don haka muna kira ga magabata da abubuwa uku. Na farko, a kai na'urar leƙa hanji da wanda ya iya aiki da ita kowace babbar likitar jiha, domin mutumin Diffa da ke nesa da Yamai da kilomita sama da 1,300 ba zai yi wannan tafiya don ɗigon jini ba. Na biyu, duk tsokar da aka yanke a wurin tiyata a gwada ta, a kuma adana ta bisa yardar mai ita, don ɗalibanmu su yi nazari a kan sankarar ƴan Nijar, maimakon dogaro da sakamakon Faransa kaɗai. Na uku, a zauna da masu maganin gargajiya, tunda wurinsu jama'a ke fara zuwa, a fahimtar da su alamomin da ke buƙatar tura mutum likita.

Mu ma talakawa da namu nauyin. Jini a bayan gida da ya ƙi tsayawa, canjin yanayin bayan gida na makonni, rama ba dalili, ƙarancin jini, ko tarihin ciwon a dangi, duk dalilai ne na ganin likita. Kunyar faɗa ta kashe mutane da yawa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba magabatanmu ikon sauke wannan nauyi.